Ƙarfen da Ya Sha Jinin Mutum

A zamanin da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Sakkwato, ni malamin tarihi ne a wata sakandaren maza, kuma in faɗi gaskiya, ina ji da kaina fiye da kima. Ina da babur, ina da rediyo mai rigar fata, ina da ɗakin haya a Badariya da labule mai furanni. Ɗan maƙeri ne ni daga Argungu, na farko a gidanmu da ya riƙe alli maimakon masaba, kuma ba na barin kowa ya manta da hakan. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai in buga babur in bi ta Ambursa in nufi gida, in je in zauna a bakin maƙerar Baba da farar riga, ina kaɗe toka daga kafaɗata kamar ba a cikinta aka raine ni ba.

A shekarar da nake ba da labari, magana ɗaya ce a bakina, har abokan aikina suka gaji da ni. Rediyo ya ce 'yan majalisa a ɗaya daga cikin manyan ƙasashen Turawa sun kawo ƙudurin doka: duk gwamnatin da ke gallaza wa mutanenta, a daina sayar mata da makamai, a kuma janye hannu daga ciniki da ita har sai ta gyara. Kowa ya san da Afirka ta Kudu ake, inda fararen fata ke taka baƙaƙe. Ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa a zartar, wasu na cewa masana'antunsu za su yi asara, ma'aikatansu za su rasa abin yi. Kai, in na ji masu wannan maganar ta biyu, har tsaki nake yi wa rediyo. Asara? Ana kashe mutane kuna maganar asara?

Sai na ce ba zan zauna ba. Na tsara wasiƙa da Turanci zuwa ga waɗannan 'yan majalisa, a madadin mutanen kwarin Rima, wai don su san har a nan ana kallonsu. Na shiga bin mutane suna sa hannu: malamai, teloli, mai shayi, direbobin tasha. Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, kana ganin akwai wanda zai buɗe ta a can?" Na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa da kyau.

Rubutuna kuwa ba ya karantuwa, ko ɗalibaina sun sha kuka da shi. Wadda ta kwafe mini wasiƙar da hannunta mai kyau ita ce yarinyar da zan aura. Tana ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai mata, 'yar wani Alhaji ce mai gonakin shinkafa a fadamar da ke tsakanin Argungu da Ambursa. An riga an kai goro, an sa rana bayan girbi. Ina sonta, ba zan yi wani kwana-kwana ba, ina sonta ƙwarai. Ita kaɗai ce ke iya yi mini dariya a fuska in ji daɗi. Tana kwafa tana tsokanata: "Malam, wannan kalmar taka mai tsawo, ko su masu harshen sai sun nemi ƙamus." Da ta gama, ita ta fara sa hannu, sunanta na biyu bayan nawa.

Na kai wa Baba takardar wata ranar Asabar da hantsi. Yana zaune a gaban uwar maƙera, yana yi wa wani lauje haƙora. Ya ce in fassara masa, na fassara da sauri-sauri, don a raina na ɗauka ba zai gane zurfin abin ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "To, ina zan sa?" Na laluba aljihu babu tawada. Ya goga babban yatsansa a bakin murhu inda baƙi ya taru, ya danna a ƙasan takardar. Shekara da shekaru na wuta da ƙarfe sun shafe zanen yatsan nan sarai, don haka abin da ya fito baƙin dunƙule ne kawai, babu layi ko ɗaya. Wallahi sai da na ji haushi, na ga ya ɓata mata tsabtataccen rubutunta.

Bari in faɗi wani abu game da sana'ar gidanmu, don shi ne gindin labarin. Kowane maƙeri a garinmu yana da shaidarsa da yake bugawa a jikin ƙarfe tun yana ja. Ta Baba ɗigo uku ce a jere da ɗan layi a ƙasa. Kuma akwai wata al'ada da muka gada: in ƙarfen da ke ɗauke da shaidarka ya sha jinin mutum bisa zalunci, nauyin yana wuyanka har sai ka karɓo shi ka mayar da shi wuta. In wanda ya saya ya ƙi bayarwa, sai a kashe masa wuta. Mai shaidar zai ɗauki garwashi ya tsoma a ruwa, ya ƙulle gawayin a tsumma, ya aika wa sauran maƙera da sunan mutumin. Daga ranar babu mai ƙera masa ko allura, babu mai wasa wani ƙarfe da zai shiga gonarsa. Kuma babu mai iya ɗage wannan sai shi wanda ya aika da gawayin. Ni tun ina yaro nake jin labarin abin, amma ban taɓa ganin an yi ba. Na ɗauka ya bi kakanni.

Da ruwa ya fara janyewa a shekarar, akwai wani tafki a gefen gonakin Alhaji da masunta ke shiga tun kaka da kakanni. Alhaji ya ce yanzu tafkin yana cikin filinsa. Ya ɗauki masu gadi, ya aiko wa Baba a ƙera masa mashi takwas, wai kadoji ke damun mutanensa. Baba ya ƙera, surukai ne ai, har ya ƙara musu kyau. Ba a yi sati biyu ba, wasu masunta suka shiga tafkin da homa, ragarsu ta kamun kifi, da gora kamar yadda suka saba. Masu gadi suka far musu. Aka soki wani magidanci a cinya, mashin ya shiga har ya taɓa ƙashi. 'Yan'uwansa suka ɗauko shi a kwalekwale, suka zare mashin, suka duba gindinsa, suka ga ɗigo uku da layi. Kafin la'asar sun ajiye shi a ƙofar maƙerar Baba, da jinin a jiki. Maganar sukan ta je inda ta je, ta kwanta a can, kamar yadda maganar talaka kan kwanta.

Inna ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, don ina Birnin Kebbi. Ta ce Baba ya sa babbar rigarsa ya taka har gidan Alhaji. Ya roƙi abu uku: a ba shi sauran mashi bakwai ɗin, Alhaji ya je ya duba wanda aka soka, a bar masunta su koma ruwansu. Alhaji ya yi dariya ya ce ai abin da mutum ya saya nasa ne, maƙeri ba ya bin ƙarfe gidan mai shi. Baba ya dawo, bai ko cire rigar ba, ya tsoma garwashi a ruwa. Kafin kwana huɗu gawayin ya kai Augie, ya kai Ambursa, ya kai maƙeran Birnin Kebbi.

Wanda bai san noman shinkafa ba zai ce mene ne abin damuwa. To, laujen yankan shinkafa haƙora gare shi, kuma kwana biyu zuwa uku na aiki suke yi su dushe. Shi ya sa lokacin girbi maƙera kan kafa 'yar rumfa a bakin fadama. A shekarar, duk ɗan ƙwadagon da ya miƙo lauje sai an tambaye shi gonar wa zai shiga. In ya ce ta Alhaji, sai a mayar masa da kayansa. Babu mai yin ƙarya, don fadama fili ce, kowa na ganin kowa. 'Yan ƙwadago suka watse zuwa wasu gonakin. Shinkafar Alhaji ta nuna, ta yi jawur, ta fara sunkuyawa, tsuntsaye suna biki.

Sai ga aike har makaranta, Alhaji yana nemana. Na same shi a zauren gidansa na Birnin Kebbi, ya karɓe ni da fara'a, har da sa a kawo mini fura. Ya ce, "Malam, kai mai ilimi na, kai ka san duniya ta wuce wanga zance na gawayi. Tahi ka yi wa tsohonka magana. In ya buɗe wuta kahin Juma'a, ɗiyata taka ta, ranarku na nan. In ya ƙiya, to, ban iya haɗa jini da gidan da ka son ganin bayana. Goronku na nan ban taɓa ba."

Na ajiye kwanon furar. Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu za a gyara." Haka na ce, ni mai wasiƙa, ni mai yi wa rediyo tsaki. Ban ko tambayi lafiyar wanda aka soka ba.

Na bar aji a hannun wani, na kama hanyar Argungu da rana tsaka. A kan babur na tsara maganata tsaf, har da sakin layi. Na iske Baba shi kaɗai yana jan zuga-zugi. Mashin nan yana jingine a bango, an wanke shi amma ba a taɓa shi da wuta ba, wai sai sauran bakwai ɗin sun dawo za su shiga tare.

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na kwararo. Na ce abin ya yi yawa. Na ce ba Alhaji ne ya soki mutumin da hannunsa ba. Na ce 'yan ƙwadago talakawa ne, su ma suna cutuwa, maƙera ma sun rasa babban mai kawo musu aiki a daidai lokacin da suka fi samu. Na ce da lallashi ake gyara babban mutum, in ka kasance kusa da shi ka fi iya juya shi. Ina cikin magana ina jin wani abu na yi mini kama da abin da na taɓa ji a wani wuri, amma na danne. Daga ƙarshe na fito da ta cikina: "Baba, aurena za a fasa."

Ya saki zuga-zugin. Sannan ya ce, "Takardar nan da nis sa ma yatsa, ka aika da ita?"

Na ce ban aika ba, ina jiran wasu malamai biyu su sa hannu. Tana ma cikin jakata.

"Ɗauko. Karanta mini kuma. Wanga karo a hankali, ba irin na rannan ba da kaka gudu kamar an biyo ka."

Na san inda za a je. Amma uba ne, na ɗauko. Na fassara layi-layi. Na zo inda na ce wanda ya sayar da makami ba zai wanke hannunsa ya ce ba shi ya harba ba. Baba ya gyaɗa kai. Na zo inda na ce kada su fake da cewa talakawan can za su sha wuya, tun da su talakawan ne da bakinsu ke roƙon a yi. Ya sake gyaɗa kai. Sai na zo layin da na fi alfahari da shi, wanda na sa yarinyar da zan aura ta ja wa layi a ƙasa: ku zartar da wannan doka ko da za ta jawo muku asara a gidajenku, don adalcin da bai ci wa mai yinsa komai ba, ba a san ko nasa ba ne.

Baba ya ce, "Kai kar rubuta wanga, ko rubuta maka anka yi?"

"Ni na rubuta."

"Madalla. Ran da kak karanta mini shi, na kwana ina jin daɗi. Nac ce ashe kuɗin alli bai tahi banza ba, yaron nan ya san abin da ubanninmu sunka sani."

Wannan yabo ne na farko da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ban taɓa jin mari mai zafinsa ba.

Ya ce, "Ji nan. Ɗa namiji guda gare ni. Ban son ka tsuhwa kana cewa ni nar raba ka da matarka. In kac ce in buɗe mai wuta, gobe da sahe sai in buɗe, in bi maƙera ɗai-ɗai in ba su haƙuri. Maganar tana hannunka. Abu guda nika roƙo. Kahin in buɗe, ɗauki reza ka kankare yatsana daga takardar nan. Ban iya gaya ma mutanen wata ƙasa su yi abin da nik kasa yi a ƙohwar gidana."

Ya juya ya ci gaba da jan zuga-zugi, kamar mun gama maganar farashin gawayi.

Na fita raina a ɓace. Haushinsa nake ji, wallahi, haushi mai tsanani, don da ya ce a'a kawai, da na samu wanda zan ɗora wa laifi har ƙarshen rayuwata. Sai ya ɗauki kayan ya aza mini. Inna ta bi ni da ido daga bakin turmi. Na tsaya a wani kanti na sayi reza guda, na sa a aljihu. Eh, na saya. Ba zan ɓoye ba.

Ban san abin da ya kai ni unguwar masunta ba. Wataƙila so nake in ga raunin bai kai yadda ake faɗa ba. Na tambayi gidan aka nuna mini. Na same shi kwance a tabarma a inuwar zana, ƙafar a ɗaure, ta kumbura har gwiwa. Homarsa na rataye a bango ta bushe ƙayau. Da aka ce masa ɗan maƙeri ne, sai ya yunƙura zai tashi zaune, na ce ya kwanta. Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Gai da Baba. Ce mai tun da abin ga yaf faru, shi ɗai ad da ya nuna an yi mini wani abu. Kowa cewa shikai in yi haƙuri." Matarsa ta aiko da ruwa a kwanon sha, tana ta ba da haƙuri wai babu kifin da za a ba baƙo. A gidan masunci, a Argungu, da kaka, babu kifi! Na sha ruwan na fito.

Washegari na je kwalejinsu na nemi a kira mini 'yar Alhaji. Muka tsaya a gindin wata bishiyar dogon yaro, malamar da ke kula da su tana hango mu daga baranda. Ta riga ta ji komai. Na gaya mata abin da Baba ya ce, na fito da takardar da rezar na nuna mata. Ina tsammanin za ta yi kuka ta ce in kankare. Ina ma fatan ta ce.

Ta karɓi takardar ta duba rubutunta. Ta ce, "Malam, ba zan ce maka ka kankare ba, don ni na ja layin nan da hannuna. Ba kuma zan ce maka kada ka kankare ba. Ubana ne. In ya mayar da goro, ba zan tsallake maganarsa in biyo ka ba, ka san wannan tun yanzu." Idonta ya cika amma ba ta bari ya zubo ba. Ta miƙo mini takardar ta ce, "In ka kankare nasa, ka haɗa da nawa." Ta juya ta koma aji.

Daga nan gidan waya ba nisa. Na zauna a kan babur a ƙofar wurin kusan awa guda, rana na dukana, masu wucewa na gaishe ni ina amsawa ban san me nake cewa ba. Na kalli baƙin dunƙulen nan na yatsan Baba a ƙasan sunayen masu ilimi. Na ɗora rezar a kansa har ta ɗan ci takardar. Sai hannuna ya ƙi. Ba wani tunani mai zurfi na yi ba, kar in yi wa kaina kwalliya. Kawai na hango kaina gobe a gaban ɗalibai ina ba su labarin waɗanda suka tsaya a kan gaskiya, na san bakina ba zai buɗu ba. Na naɗe takardar, na sa a ambulan, na lashi kan sarki na manna, na jefa a akwati. Malaman nan biyu da nake jira ba su sa hannu ba har yau.

Ban je na gaya wa Baba komai ba. Juma'a ta zo, wutar Alhaji na kashe. Ranar Asabar da safe wasu dattawa biyu suka kawo goron a cikin kwandonsa, da ganyensa, suka ajiye a zaurenmu suka yi sallama. Ina nan. Baba ya dubi kwandon, ya dube ni. Ranar kasuwa ce, mutane sun yi layi da laujuna a waje, amma bai hura wuta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin maƙerar nan a sanyaye ranar kasuwa ba sai ranar. Da yamma ya sa aka raba goron a unguwar masunta.

Na yi baƙin ciki, baƙin ciki na gaske. Na rame har shugaban makaranta ya tambaye ni ko zazzaɓi nake. Na yi wata biyu ban taka Argungu ba. Amma akwai wani abu da ya zauna mini a ƙirji tare da baƙin cikin, wanda ban san sunansa ba a lokacin. Na lura dai na daina kaɗe toka daga rigata, kuma in aka tambaye ni ɗan wane ne, na daina farawa da sunan makarantar da na yi.

Alhaji ya kafe har kusan rabin shinkafarsa ta zube a ƙasa. Ya aika Jega a sayo sababbin laujuna, suka yi kwana uku suka dushe, babu mai taɓa su. Daga baya wata safiya aka ga motarsa a unguwar masunta. Da azahar direbansa ya sauke mashi bakwai a ƙofar maƙera, ɗaure da igiyar kaba. Masunta suka koma tafkinsu. Baba ya zuba takwas ɗin a wuta rana ɗaya, ya mayar da su laujuna, ya aika wa maƙera cewa an buɗe. Shi da kansa ya je bakin fadama ya yi wa 'yan ƙwadagon Alhaji haƙoran lauje har aka kwashe abin da ya rage. Alhaji ya ba da mashi, ya ba da tafki, amma 'yarsa bai bayar ba. Wannan ya riƙe, kuma na fahimce shi, dole mutum ya tsira da wani abu da zai ce bai sunkuya a kai ba.

Ƙudurin dokar can kuwa, bayan dogon ja-in-ja, rediyo ya ce ya wuce. Abokan aikina suka zo suna yi mini barka da tsokana, wai wasiƙar Malam ce ta girgiza Turawa. Ban taɓa samun amsa ba, ban kuma san ko an buɗe ta ba. Da na kai wa Baba labari, sai ya ce, "To, Allah shi sa su iya riƙewa. Aikawa da gawayi ba wuya, jiran nan shi aa aiki."

Masuncin ya warke amma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Duk shekara in an shiga tafkin, sai ya tako da kansa ya kawo wa Baba kifi mafi girma da ya kama. 'Yar Alhaji kuma ta zama malama, ta yi aure da wanda ta zaɓa, ta yi zamanta lafiya. Sau ɗaya muka haɗu bayan shekaru, a wurin duba takardun jarrabawa a Sakkwato. Muka gaisa kamar mutanen kirki. Ta tambayi Baba, na ce yana nan. Ta ce, "Har yanzu rubutunka ba ya karantuwa?" Na ce har yanzu. Ni ma na yi aure, Allah ya ba ni mace ta gari, ba ni da abin cewa sai godiya.

Shekara da shekaru ina ɗauka cewa ni kaɗai na biya kuɗin wutar nan da aka kashe, Baba nasa tsayuwa ce kawai, irin ta mutanen da zuciyarsu ta zama ƙarfe. Ina alfahari da shi, amma can ƙasa akwai ɗan ƙulli. Bayan ya rasu, an yi addu'ar bakwai mutane sun watse, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon rawaninsa. Na kwance. Wuƙar girki ce, da 'yar ƙaramar wuƙar yankan kuɓewa, da ludayin ƙarfe, da marfin tanda. Ban taɓa ganin aikin Baba mai kyan wannan ba. Ya yi wa ƙotar wuƙar zane da jan ƙarfe, shi da ke cewa ado ɓata lokaci ne. Kowanne da ɗigo uku da layi.

Na ce, "Inna, na wa ne?"

Ta ce, "Na amaryarka ta farko da ba a yi ba. Tun ran da anka kai goro yaf fara su, a ɓoye, wai ɗiyar masu arziki za ta shigo gidan maƙera, sai ta ga abin da muka iyawa. Sauran wasa wuƙar kaɗai yar rage sanda anka kawo mashin nan." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Kai kana can Birnin Kebbi kana hushi. Ni ag ga shi. Ya hi ka son auren nan."

Na shafa bakin wuƙar da yatsana. Ba ta da kaifi ko kaɗan, bai ƙara taɓa ta ba tun ranar. Na ɗauke ta na shiga maƙera da farar rigata ta zaman makoki, na zauna a mazauninsa, na jawo dutsen wasa na zuba masa ruwa.